Gunpei Yokoi, Injiniyan Da Ya Sa Gem Cikin Aljihu

Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem a gidan gem, a Dutsin-Ma ne ko a Kurfi, ya san madannin nan mai kama da alamar tarawa da ke ƙarƙashin babban yatsan hagu. Da shi ake yin sama, ƙasa, hagu da dama. Mutumin da ya fito da shi a wannan siffa sunansa Gunpei Yokoi, kuma tarihinsa muka kawo muku a wannan fitowa.

An haife shi a birnin Kyoto na ƙasar Japan ranar 10 ga Satumba, 1941. Ya karanci fannin lantarki a Jami'ar Doshisha, sannan a 1965 ya samu aiki a kamfanin Nintendo. A lokacin ba ruwan Nintendo da kwamfuta. Karta yake bugawa tun 1889, aikin Yokoi kuwa shi ne kula da injinan da ke buga ta. Idan inji bai lalace ba, sai ya zauna yana 'yan ƙere-ƙerensa, kamar yadda yaranmu ke haɗa motar kara ko ta gwangwani. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannu da ya haɗa, mai miƙewa ya cafko abu daga nesa. Wani maigidan da faɗa zai yi. Shi kuwa cewa ya yi a mayar da abin kayan sayarwa. A 1966 aka fitar da shi da sunan Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan 1.

Daga nan Yokoi ya bar gadin injina. Wata rana a jirgin ƙasa ya hangi wani mutum da zaman ya gundura yana ta danna kalkuleta don rage lokaci. Wannan ya haifar da Game & Watch a 1980, ƙaramin gem mai haɗe da agogo. A kan irinsa na wasan Donkey Kong ne madannin nan ya fara fitowa a 1982. Shi ne kuma ya riƙe hannun Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, lokacin yana sabon shiga.

Babban aikinsa shi ne Game Boy na 1989. Gilashinsa ba kala, hoton baƙi-baƙi ne a kan kore-kore, alhali ana iya yin mai kala a lokacin. Da gangan ya ƙi. Ra'ayinsa shi ne a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, ta yi araha, an san halinta, a nemo mata sabon amfani. Abokan hamayyarsa, Game Gear na Sega da Lynx na Atari, sun zo da kala, amma batir shida suke ci, su cinye cikin 'yan awoyi. Game Boy batir huɗu ne, kuma ya ninka su daɗewa. Mu da muke kai waya wurin mai caji idan an ɗauke wuta, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ga shi da ƙwari: akwai wanda ya ƙone a barikin soja lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, ya narke ta waje, amma bai daina aiki ba. Game Boy da ƙaninsa mai kala sun haura miliyan 118 a kasuwa. Wasan da ya fi tashe a kansa shi ne Tetris, na jera tubala, wanda ko ƙaramin yaro zai gane shi cikin minti biyu. Har yau, ni a ganina, wanda zai fara gem gara ya fara da irin wannan, wanda ba ya neman data, ba ya neman kuɗi, kuma ba baƙon da zai shigo yana tambayar sunanka da unguwarku.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 Nintendo ya fitar da Virtual Boy, na'urar da ake kafa ta a kan tebur a cusa ido ciki, hoton ja da baƙi kawai, yana nuna zurfi kamar gaske. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai da gajiyar ido. Kamfanin da kansa ya rubuta gargaɗi cewa kada yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya yi wasa da ita, domin idonsa bai gama ƙwari ba, aka kuma sa mata tsarin tsayar da wasa lokaci-lokaci don mai yi ya huta. Abin lura ne cewa masu sayarwa ne suka yi wannan gargaɗi, su da ke neman ciniki. Irinsa ne lambar shekarun da ke jikin wasannin waya a yau, wadda yawancinmu ke tsallakewa mu danna, mu kuma miƙa wa ƙannenmu. Virtual Boy bai kai ko miliyan 1 ba, aka daina yin sa.

Yokoi bai tafi nan take ba. Sai da ya kammala Game Boy Pocket, sannan ya bar Nintendo a watan Agusta na 1996, bayan shekara 31. Ya kafa nasa kamfanin mai suna Koto, ya shiga haɗa wa kamfanin Bandai sabon gem na hannu.

Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta bugi bayan wata babbar mota a kan babban titin Hokuriku. Hatsarin bai yi muni ba. Ya fito duba ɓarnar da aka yi, sai wata motar da ke wucewa ta kaɗe shi, ya rasu yana da shekara 56. Gem ɗin da yake haɗawa, WonderSwan, ya fito a 1999, kuma ɗaya daga cikin wasanninsa na farko an sa masa suna Gunpey.