Alhaji Musa Ɗanƙwairo: Muryar da ta Sami Mai Koya Mata

Duk mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara da ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san da an wuce 'Yankara ba a jimawa sai a shiga ƙasar Tsafe. Tsohon sarkin wannan gari na maƙwabtanmu, watau 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, ya kasance cikin manyan iyayen gidan wani makaɗi wanda har yau ba a daina jin muryarsa ba. Wannan makaɗi kuwa shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Tarihinsa zan ba ku a taƙaice, domin a cikinsa akwai amsar wata gardama da ɗalibai kan yi kullum: shin mai zaƙin murya yana bukatar malami, ko kuwa baiwa kaɗai ta isa?

An haifi Musa a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, wajen shekarar 1909. Gidansu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne sananne a ƙasar Maradun, kuma kiɗan noma suka gada, irin wanda ake yi wa manoma ranar gayya don a ƙara musu ƙarfin gwiwa. Tun Musa yana ɗan ƙaramin yaro ya soma bin mahaifinsa wurin kiɗa.

Sunan da duniya ta san shi da shi ma daga murya ya samo asali. A cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda ya yi fice wajen zaƙin murya. Da Musa ya fara buɗe baki yana amshi, sai mutane suka ji muryarsa ta yi kama da ta wannan mutum, suka dinga kiransa Ɗanƙwairo, har sunan ya bi shi. Ashe ke nan baiwar tana nan tun yana yaro. Amma fa ba a ba shi jagorancin waƙa don wannan ba. Sai da ya yi shekara da shekaru a bayan mahaifinsa yana karɓi.

Ya kamata mu san yadda ake koyo a gidan makaɗa, don makaranta ce sosai, ko da yake babu allo babu littafi. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da saurare. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, ya koyi shigowa daidai lokacin da ya kamata, kada ya riga, kada ya makara. A nan yake gane inda ake jan numfashi a tsakiyar ɗa mai tsawo, da yadda ake ɗaga murya a fili ba tare da an yi ihu ba, da yadda ake fitar da kowace kalma sarai har na nesa ya ji. In ya kauce, nan take maigida zai ji, ya gyara masa. Wannan shi ne babban amfanin malami, domin mutum ba ya jin muryarsa yadda masu saurare suke jinta. Sa'an nan kuma akwai abin da ya wuce murya, watau sanin asalin sarakuna da jerin kakanninsu, da ladabin tsayawa a gaban manya.

Bayan rasuwar Ɗankwanda, shugabancin kiɗan gidan bai faɗa hannun Musa ba. Wansa Kurna ne ya gaje shi, shi kuwa Musa aka ba shi Daudun kiɗa, watau mataimaki. Wani mai murya irin tasa da sai ya yi fushi ya ware. Shi kuwa ya zauna ƙarƙashin wansa, ya ci gaba da koyo, har lokacin da ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Da ya kafa tasa ƙungiya, sai ya shahara a kiɗan fada da kotso. Kotso ganga ce mai baki ɗaya wadda ake ratayawa, a kaɗa ta da hannu, ana matsa tsirkiyarta don sautin ya hau ko ya sauka kamar maganar mutum. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello waƙa, wanda ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har zuwa rasuwarsa a watan Janairu na 1966. Wannan ya ƙara kai sunansa ko'ina a Arewa. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙoƙi, haka kuma Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da wasu sarakuna da dama. Gidan Rediyon Kaduna kuwa ya kai muryarsa har ƙauyukan da bai taɓa takawa ba.

Duk wanda ya saurari waƙarsa da kunnen basira zai lura da wani abu. Sau da yawa shi yakan fara magana ne kawai, sai yaransa su karɓe su ƙarasa ta baki ɗaya, muryoyinsu a haɗe kamar ta mutum guda. Irin wannan ba ya samuwa da ka. Sai an zauna an maimaita, an gyara, an sake maimaitawa. Watau wanda aka koya wa jiya shi ne ya zama mai koyarwa, kuma cikin waɗanda ya horar har da 'ya'yansa na cikinsa.

Wani zai ce, to ai Alhaji Mamman Shata na Musawa bai gaji kiɗa ba, ga shi kuwa ya yi suna. Gaskiya ne, amma irin Shata nawa aka yi a ƙasar Hausa? Yawancin manyan makaɗan fada a bayan wani suka fara tsayawa. Yau kuwa yaro yakan shiga ɗakin ɗaukar waƙa, kwamfuta ta gyara masa murya, ya fito yana jin ya gama ƙwarewa. Ranar da aka ce ya tsaya gaban jama'a babu na'ura, sai numfashi ya ƙare masa a tsakiyar baiti, ko maƙogwaro ya dushe tun ba a je ko'ina ba.

Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo rasuwa a shekarar 1991, yana da shekara sama da 80. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar waƙa, ko ta makaranta ce ko ta Islamiyya, shi ne mu nemi wanda ya fi mu sani, mu zauna gabansa, mu jure gyara. Iyayenmu kuma, in sun ga ɗansu yana da wannan baiwa, su haɗa shi da malami mai mutunci wanda zai koya masa murya da ladabi tare. Allah ya jiƙan Ɗanƙwairo da waɗanda suka koya masa, amin.