Muhammadu Bashar, Wamban Daura Wanda Ya Zama Sarki

Yaran yanzu da suka san sunan Alhaji Muhammadu Bashar, da sarautar Daura kaɗai suka san shi. Amma kafin a naɗa masa rawanin sarauta ya daɗe yana wakiltar mutanen ƙasarsa a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, har ya riƙe aikin minista. Labarin wannan aiki nasa muke so mu ba masu karatu a wannan wata.

An haife shi a shekara ta 1926, cikin gidan sarautar Daura. Sai mu ɗan koma baya domin a gane ko wane irin gida ne. Lokacin jihadi Fulani suka ci Daura, sarakunan Haɓe suka fita, zuriyarsu ta zauna a Zango da Baure wajen shekara ɗari. Da Turawa suka zo, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi gadon kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi shekara 55 yana sarauta. A ƙarƙashin wannan tsohon sarki Bashar ya tashi, ya yi karatun boko, aka ba shi sarautar Wambai.

A zamanin nan Sarki da En'e su ne hukuma a idon talaka. Su ke karɓar haraji da jangali, 'yan doka nasu ne, alkalai da gidan yari duk a hannunsu suke. Majalisar Kaduna kuwa sabon abu ce. A 1951 aka fara zaɓen wakilanta, zaɓen ma hawa hawa ne: mutanen ƙauye su zaɓi waɗansu, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai ga na lardi. Mata ba su jefa ƙuri'a ko kaɗan. Cikin shekarun nan na 1950 Wambai ya shiga majalisa a jam'iyyar NPC, wadda Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya shugabanta.

Yawancin waɗanda suka zauna tare da shi a zauren Lugard irinsa ne, wato 'ya'yan sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e. Mutanen NEPU, su Malam Aminu Kano, suka yi ta kuka a kan wannan, suna cewa wanda ke cin albashin Sarki ba zai iya tsaya wa talaka ba idan hakimi ya zalunce shi. Kukan nan yana da gaskiya a cikinsa, ba za mu ɓoye ba. Amma kuma masu ilmin boko a Arewa kaɗan ne ƙwarai a lokacin, yawancinsu kuwa En'e ce ta sa su makaranta, ita ce kuma ta ba su aiki.

Majalisar ba ta zama banza ba. A zamaninsu Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris, 1959. A shekarar nan kuma suka zartar da sabuwar dokar hukunta laifuffuka, wadda ta fara aiki a 1960, domin a yi wa Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya shari'ar laifi da ma'auni ɗaya. Dattawan ikilisiya da suka ga kwanakin nan sun san yadda maganar ta dami jama'a kafin a daidaita ta.

Bayan samun 'yancin Nijeriya, Sardauna ya sa Wambai Ministan Tsara Tattalin Arziki. Aiki ne marar ganga da algaita, amma mai nauyi. A 1962 aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na shekara shida, kowace jiha da nata kashi. Arzikin Arewa a lokacin gyaɗa ne da auduga da fatu da kuza, kuɗin bai taka kara ya karya ba, ga kowane lardi yana neman hanya da rijiya da asibiti da makaranta. Ma'aikatarsa ce ke duba abin da za a fara da abin da zai jira. Mutumin Daura, wanda ƙasarsa ke bakin iyaka da Nijar, inda damina gajeriya ce, ba sai an gaya masa darajar rijiya ba.

Shirin bai kai ƙarshensa a hannunsu ba. Ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, aka rufe majalisa, aka sallami ministoci. Cikin shekarar nan kuma Sarki Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Wambai Sarkin Daura yana da shekara arba'in.

Sarautar da ya hau ba ta daɗe da irin ƙarfin da ya tarar ba. A 1967 aka raba Arewa jiha shida, Daura ta faɗa cikin Jihar Tsakiyar Arewa. Ba a jima ba gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, ragowar ikon ya koma wurinsu. Sarki ya zama uban ƙasa mai ba da shawara da sulhunta jama'a. Waɗansu sarakuna abin ya yi musu ɗaci ƙwarai. A ganinmu Bashar ya fi yawancinsu shirin wannan sauyi, gama ya riga ya zauna a kujerar gwamnati, ya san yadda ake magana da gwamna da sakatare.

Ya ga an kafa Jihar Katsina a 1987, ya ga ƙasar Daura ta zama ƙananan hukumomi biyar: Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu. Ya ga ɗan garinsa, Janar Muhammadu Buhari, ya zama shugaban ƙasa a ƙarshen 1983. Ya rasu a watan Fabrairu na 2007, bayan shekara 41 a kan gado, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi.