Ronald Ross, Malamin Da Ya Tona Asirin Sauro

Mu nan Bagudo ba sai an gabatar mana da sauro ba. Da damina ta kankama, fadamun shinkafa na bakin Kwara suka cika, daga Illo har Lolo a kan iyakar Benin, kujerun aji sai su fara zama wayam saboda zazzaɓi. Shi ya sa a wannan fitowar muka ɗauko tarihin mutumin da ya gano cewa ta cikin sauro cutar take bi.

An haifi Ronald Ross a Almora ta ƙasar Indiya a 1857. Zane da rubuta waƙa yake so, amma mahaifinsa, hafsan sojan Ingila, ya tura shi Landan karatun likita. A 1881 ya koma Indiya ya kama aiki.

A lokacin, mutane da yawa suna ɗauka gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo maleriya. Ross ya shafe fiye da shekara biyu yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin cuta. Ga zafi, ga gumi, amma ya hana a yi masa fifita, don kada iska ta kwashe masa abin da yake dubawa. Ranar 20 ga Agusta, 1897, a garin Secunderabad, ya ga ƙwayar cutar a jikin tumbin sauron da ya ciji wani majinyaci.

A 1899 ya zama malami a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool (eh, garin ƙwallon nan), daga baya ya zama farfesa. Bai tsaya a aji kawai ba. A shekarar ya zo Saliyo neman irin sauron da ke yaɗa cutar, a 1901 kuma ya leƙo Legas. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel.

Abin da ya fi burge mu shi ne lissafinsa. Masu suka sun ce ba mai iya ƙarar da sauro. Sai ya nuna da alƙalami cewa ba sai an ƙarar da shi ba: in yawansa a gari ya sauka ƙasa da wani adadi, cutar za ta riƙa ja da baya har ta mutu. Har yau masu nazarin yaɗuwar cututtuka a jami'o'i suna gini a kan wannan lissafi. Ashe darasin lissafi da wasunmu ke gudu yana da hannu a maganin zazzaɓi!

Ba za mu ɓoye ba, mutum ne mai rigima. Ya daɗe yana sa-in-sa da Giovanni Grassi, masanin Italiya da ya tabbatar da yadda sauron ke sa wa ɗan Adam cutar, ya ƙi yarda a raba yabon da shi.

Ya rasu a Landan a 1932. Duk 20 ga Agusta ana tunawa da bincikensa a Ranar Sauro ta Duniya, daidai lokacin da ruwa ke kwance a bayan ajujuwanmu.