Waliyyiya Jeanne Jugan, Wadda Ta Yi Bara Domin Tsofaffi

A ƙasarmu ta Gwandu da Kalgo, daga Kambaza har ƙauyukan bakin fadama, kunya ce babba a ce tsoho ya kwana da yunwa alhali yana da dangi. Amma mu da muke kai Jibi Mai Tsarki gidajen marasa lafiya mun san akwai tsohuwar da ba ta haihu ba, akwai wadda 'ya'yanta suka tafi cirani ba su komo ba. Saboda irin waɗannan ne muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wata baiwar Allah da ta ɗauki nauyinsu a tata ƙasar.

An haifi Jeanne Jugan ran 25 ga Oktoba 1792 a Cancale, wani garin masunta a yankin Brittany na ƙasar Faransa. Zamanin juyin juya hali ne, ana rufe majami'u, ana korar firistoci, don haka a ɓoye ta koyi katekisma. Ba ta cika shekara huɗu ba mahaifinta ya fita teku bai dawo ba. Tana da shekara 16 ta shiga aikatau a ɗakin girkin wani gidan masu arziki. Wani saurayi matuƙin jirgin ruwa ya nemi aurenta, ta ƙi, tana ji a ranta Allah ya keɓe ta domin wani aikin da ita kanta ba ta san shi ba tukuna. A 1817 ta koma garin Saint-Servan, ta yi shekara shida tana jinya a asibiti, sa'an nan ta yi wa wata mata mai ibada hidima shekara 12. Har ta kai shekara 47 ba wanda ya san da ita sai maƙwabta.

A lokacin sanyi na 1839 tana zaune a ɗakin haya tare da wata tsohuwa, Françoise Aubert, da wata yarinya marainiya, Virginie Trédaniel. Sai ta tarar da wata gwauruwa mai suna Anne Chauvin, makauniya, jikinta ya shanye, ba mai kula da ita. Jeanne ta goya ta, ta hau matakala da ita, ta kwantar da ita a kan gadonta, ita kuwa ta koma kwana a ƙuryar sama ƙarƙashin rufi. Ba da daɗewa ba ta biyu ta zo, ta uku ta biyo. A 1841 suna da tsofaffi 12, a 1842 suka sami wani tsohon gidan Sistoci, yawan tsofaffin ya kai wajen 40.

To, da me za a ciyar da su? Yawancin waɗannan tsofaffi dā bara suke yi a titi. Jeanne ta ce su zauna, ita za ta fita a madadinsu. 'Yan'uwa masu jinya na ƙungiyar Waliyyi Yohanna na Allah suka ƙarfafa ta, suka ba ta kwando. Da wannan kwando ta riƙa bi gida gida, kasuwa kasuwa, tana karɓar gutsuren gurasa, da ragowar abinci, da tsofaffin tufafi, da kwabo. Mu da muka tashi muna jin muryar almajiri a ƙofar gida da dare mun san nauyin miƙa ƙoƙo, mun kuma san irin kallon da ake yi wa mai miƙa shi. Jeanne mace ce mai sana'a, tana iya ciyar da kanta, amma ta ɗauki wulaƙancin a kanta domin kada tsohuwa mai shekara 80 ta sake tsayawa a ƙofar wani. Ana ba da labari cewa wani mutum ya taɓa marinta, ta karɓi marin a matsayin rabonta, ta sake miƙa hannu domin rabon matalautanta, shi kuwa kunya ta sa ya bayar.

A Mayu 1842 'yan ƙungiyar suka zaɓe ta shugaba, suka sake zaɓenta ran 8 ga Disamba 1843. Mako biyu bayan haka Fada Auguste Le Pailleur, wanda yake ba su shawara, ya soke zaɓen da ikon kansa, ya naɗa Marie Jamet mai shekara 23. Ba mu jin daɗin rubuta wannan a kan ɗan'uwanmu firist, amma ɓoye shi zai zama zalunci na biyu. Jeanne ba ta kai ƙara ba. Ta ɗauki kwandonta ta ci gaba. A 1845 Majalisar Masana ta Faransa ta ba ta lambar yabo ta Montyon da faran 3,000, kuɗin suka shiga aikin gidan. Ta buɗe gidaje a Rennes da Dinan a 1846, ta buɗe na Angers a 1850. A 1849 ƙungiyar ta ɗauki sunan da aka san ta da shi, wato Ƙananan 'Yan'uwa Mata na Matalauta, a 1851 kuma ta haye zuwa Ingila.

A 1852 Fada Le Pailleur ya kira ta babban gidan ƙungiya, ya hana ta fita bara, ya raba ta da masu taimakon da ta sani. Daga 1856 ta zauna a La Tour Saint-Joseph cikin 'yan matan da ke koyon zaman Sista. Shekara 27 ta yi a haka. 'Yan matan sun san ta da sunan Sista Maryamu ta Gicciye, doguwar tsohuwa mai fara'a da take koya musu su yi wa tsofaffi magana a hankali, su rufe ƙofa ba da ƙarfi ba. An koya musu cewa Fada ne ya kafa ƙungiyar.

Sau ɗaya aka tuna da ita, a 1865. An bar wa ƙungiyar gādon kuɗi da za su riƙa kawo riba kowace shekara, shugabanni suka rasa abin yi, sai aka kira ta majalisa. Ta ba da shawara a ƙi, a ci gaba da dogara ga tanadin Allah da hannun jama'a, aka kuwa bi shawararta. Mai lissafi zai ce wannan wauta ce, mu ma da muke riƙe da littafin kuɗin Ikklisiya muna fahimtar tsoronsa. Amma a ganinmu ta hango wani abu. Gidan da yake da asusu mai kawo riba ba ya bukatar maƙwabci, maƙwabci kuma da sannu zai manta da hanyar gidan. Muddin Sista tana zuwa da kwando, mahauci da mai gurasa da manomi suna da rabo a cikin tsofaffin, suna tambayar lafiyarsu. Haka muke gani a nan sa'ad da Zumuntar Mata Katolika suka tara tiya tiya ta gero bayan kaka: wadda ta ba da tiya ɗaya takan so ta san bakin da ya ci.

Ta rasu ran 29 ga Agusta 1879 tana da shekara 86. A lokacin Sistocin sun kai 2,400, gidajensu sun wuce 170, har a Amurka. A 1890 Roma ta binciki Fada Le Pailleur, ta sauke shi, a 1902 kuma aka fara bayyana a fili wadda ta kafa ƙungiyar. Paparoma Yohanna Bulus na II, wanda ya zo Kaduna a Fabrairu 1982, shi ne ya sa ta cikin masu albarka ran 3 ga Oktoba na wannan shekara, Paparoma Benedict na XVI kuma ya sa ta cikin waliyyai ran 11 ga Oktoba 2009. 'Ya'yanta na ruhu sun iso Nijeriya, suka buɗe gidan tsofaffi a Enugu. Ikklisiya tana yin idinta ran 30 ga Agusta.