Paul Fitts, mutumin da ya wanke matuƙan jirgi daga zargi

Yau tarihin wani Ba'amurke na kawo muku, Paul Fitts, masanin halayyar ɗan Adam. An haife shi a garin Martin, jihar Tennessee, a 1912, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Rochester a 1938, yaƙin duniya na biyu ya kai shi rundunar sojan sama.

A lokacin, in jirgi ya yi hatsari alhali injinsa lafiya lau, sai a rubuta sakacin matuƙi, shi ke nan. Fitts bai gamsu ba. A 1947, shi da Richard Jones suka bi bayanan kurakurai 460 da matuƙa suka yi wajen sarrafa jirgi. Kusan rabinsu abu guda ne: mutum ya kai hannu zai ja wannan mariƙi, sai ya ja wancan. To me ya jawo? Mariƙan kusa da juna suke, kamarsu ɗaya, kuma in ka canza jirgi sai ka tarar an sauya musu wuri. Ƙwararre ma, ga gajiya ga sauri, zai nufi fiffike ya naɗe tayoyi. Nan ne ya fi burge ni, jama'a: bai yanke wa mutum hukunci ba sai da ya je ya duba wurin da aka zaunar da shi.

A 1951 ya jagoranci wani rahoto kan zirga-zirgar jiragen sama, aka jera inda mutum ya fi na'ura, irin su hukunci da dabara in abu ya zo ba zato, da inda na'ura ta fi shi, wato sauri, ƙarfi, lissafi da maimaita aiki. Masu binciken aikin mutum da mutum-mutumi har yau suna muhawara a kan jerin nan. Wasu na ganin rabon aiki kawai ya yi, bai koyar da haɗin kai ba, kuma ni ina ganin suna da hujja.

A 1954 ya fitar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: gwargwadon nisan abu da ƙanƙantarsa, gwargwadon lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya taɓa shi. Da ita ake auna girman maɓallan wayar da ke hannunku.

Ya koyar a Jami'ar Jihar Ohio, sannan ta Michigan. Ya mutu a Ann Arbor a 1965, yana da shekara 52.