Ɗan Kasawa: sarkin da aka ba gadon sarauta ranar da gari ya ci wuta

 A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko mutumin da kowa ya san sunanshi a jihar Maraɗi, amma ba kowa ya san wuyar da ya sha ba: Sarkin Katsina Ɗan Kasawa.

Ɗan Kasawa ɗan sarauta ne na Birnin Katsina, ɗan Sarki Agwaragi. A wajen shekarar 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo sunka ci birnin, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya fita da jama'arshi zuwa Ɗankama, can bakin iyakar Nijar da Najeriya ta yau. Nan ma anka biyo su, anka ci su da yaƙi. Labarin da tsofaffi sunka bar mana ya nuna baƙin ciki ne ya rinjayi Magajin Halidu, har ya faɗa rijiya ya mutu.

To a wannan hali ne manyan fada da sunka tsira sunka naɗa Ɗan Kasawa. Ku duba irin gadon da ya samu: ba birni, ba fada, ba rumbu, sai gajiyayyun mutane da ƴan dawaki. Ga kuma rijiyar da ta ci wanda ya gada. Wani da sai ya ce ta ƙare. Shi kuwa ya tattara mutanenshi ya yi gabas, ya nemi mafaka a Damagaram.

Ya ɗan zauna a Zinder, sannan ya koma Gafai, kusa da iyakar Damagaram. In an haɗa duka, wajen shekara 12 ya yi yana zaman baƙunta. Wanda ya taɓa kwana a ƙasar wani ya san abin da ake nufi: gonar aro, ruwan aro, magana ma sai ka auna. Amma a tsawon wannan zama bai watsar da jama'arshi ba, bai kuma bar sarautun Katsina sun mutu ba. Shi ya sa har yau ake jin Galadima, Ƙaura, Durɓi da Ƴandaka a fadar Maraɗi.

A wajen 1819 ƙofa ta buɗe. Mutanen kwarin Gulbin Maraɗi sunka yi bore, sunka kashe Mani, wakilin sabbin masu mulkin Katsina, sunka aika a kira Ɗan Kasawa. Ya zo ya zauna Maraɗi, ya mai da ita mazaunin sarautar Katsinawa. Da ya yanke ƙauna tun a Ɗankama, ko ya bar mutanenshi sun watse a Gafai, ranar da anka tashi neman sarki wa za a samu?

Sai dai mu faɗi gaskiya: abin da ya fi so bai samu ba. Burinshi ya koma Birnin Katsina, ya yi ta yaƙi a kan haka, har ya rasu a wajen 1830 bai sake zama cikinta ba. Magajinshi Rauda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Duk da haka abin da ya dasa bai bushe ba. Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, kuma da taimakon Maraɗi ne Gobirawa ƙarƙashin Sarki Mayaƙi sunka kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Runji a yau. Ko ambaliyar 1945, da ta sa anka tada garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu, ba ta tafi da sarautar ba.

Ba mun kawo wannan labari ba ne don tada tsohuwar gaba. Jikokin waɗanda sunka yi waɗancan yaƙe-yaƙe yau suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, suna sahu ɗaya a masallaci. Mun kawo shi ne saboda dattawanmu. Akwai wanda fari ya cinye garkenshi bayan furfura ta fito. Akwai wadda ƴan bindiga sunka raba da ƙauyenta, tana zaune gidan dangi. Akwai wanda ƴaƴanshi duk sun tafi biɗa, sai muryarsu a waya.

Ɗan Kasawa ya ƙare shekaru 20 da ɗoriya na ƙarshen rayuwarshi tsakanin gudun hijira da fagen fama. Gidan ubanshi bai dawo ba, amma ya bar wa na baya wani gidan. Baba, Inna, in naku ya rushe, abin da ya rage a hannu, ko iri tiya guda ne, a riƙe shi da kyau. Ku kuma ƴan uwa na nesa, ku bugo waya gida yau, kada ku jira sai kun samu abin aikowa.

Allah ya ba mu haƙuri da juriya, ya sa mu gama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.