Viktor Frankl, likitan da ya nema wa masu yanke ƙauna dalilin rayuwa

A yau mun ɗauko wa masu karatu tarihin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken abin da ke riƙe mutum a duniya bayan komai ya kuɓuce masa.

An haife shi ranar 26 ga Maris 1905 a birnin Viyana, cikin gidan Yahudawa. Tun yana ɗalibin likitanci ya lura yara ƴan makaranta na kashe kansu a lokacin da ake ba da sakamakon jarrabawa, sai ya buɗe wuraren ba matasa shawara kyauta. Daga 1933 zuwa 1937 ya yi aiki a asibitin Steinhof, a sashen matan da suka yi yunƙurin kashe kansu. Kafin a sallami mai jinya, yakan tambaye ta abin da zai hana ta komawa ga wannan tunani. Wadda ta samu sauƙi nan take za ta ambaci ƴaƴanta, ko aikinta, ko addininta. Wadda ta yi ta kame-kame kuwa, ya san da sauran aiki.

Ba a daɗe ba jarrabawar ta iso ƙofarsa. Bayan Jamus ta Hitila ta haɗiye Ostiriya a 1938, Frankl ya samu bizar Amurka, amma ya bar ta ta mutu don kada ya gudu ya bar iyayensa tsofaffi. A 1942 aka kwashe shi da matarsa da iyayensa zuwa sansanin Theresienstadt, inda mahaifinsa ya rasu. A 1944 aka kai shi Auschwitz, aka ƙwace rigar da ya ɓoye rubutun littafinsa a ciki, daga nan aka tura shi aikin ƙarfi a sansanonin da ke ƙarƙashin Dachau.

A can ma bai bar aikinsa ba. Ya ba da labarin fursunoni biyu da suka fid da rai. Da ya zauna da su, sai ta bayyana ɗaya yana da ɗa da ke jiransa a wata ƙasa, ɗayan kuma masanin kimiyya ne da bai kammala littattafansa ba. Ya nuna wa kowannensu cewa akwai nauyin da babu mai sauke shi sai shi. Shi kansa, burin sake ganin matarsa da sake rubuta littafinsa ne ya riƙe shi.

Da aka ƴanto su a Afrilun 1945, ya tarar mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa duk sun rasu a sansanoni. Bai zauna ba. A 1946 ya fitar da littafin abin da ya gani, ya shugabanci sashen jijiyoyi na wani asibitin Viyana fiye da shekara 20, ya sake aure a 1947. Hanyar jinyarsa, wadda ake kira logoterapi, ta nuna ana samun ma'anar rayuwa ta wurin aiki, da ƙaunar wani, da yadda mutum ya ɗauki wahalar da ba ta da makawa. Ya rasu ranar 2 ga Satumba 1997, yana da shekara 92.

Mu da muke zaga kasuwannin kan iyaka mun ga yadda rufe iyakokin Nijeriya a 2019 ya karya jarin mutane, bashi ya hana su barci. Idan maƙwabcin rumfarka ya yi shiru, ya fara cewa rayuwa ta ishe shi, kada a yi masa dariya ko faɗa. A saurare shi, a tuna masa da masu jiransa a gida, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma raka shi wajen likita, domin ciwon damuwa yana da magani. Jari kan karye ya dawo, rai kuwa ba ya da na biyu.